Malam Kwas da Usur ɗin Baba

Ƙanena ɓarawo ne. Bai taɓa fasa shago ba, bai taɓa zura hannu a aljihun kowa ba, amma ɓarawo ne, kuma abin da ya sata ba a sa masa kwaɗo. Ya shiga ɗakin mahaifinmu da bokiti da soso kamar ɗan albarka, ya fito da asirin tsoho ya kai wa baƙi, suka tafa masa. Har takarda mai hatimi aka ba shi a kan wannan aikin.

Mu uku Baba ya haifa. Ni ce babba, ina da shagon ɗinki a bakin titi, gidan aurena kuma yana bayan layinmu. Auta direban motar 'yan makaranta ne, shi ke kwana a ƙasa kusa da ɗakin Baba. Na tsakiyarmu shi ne wanda nake magana a kansa. Yana zaune a ɗakin sama, bai yi aure ba, wai yana jiran macen da za ta fahimce shi. Yana aiki a wani kamfanin inshora, inda aikinsa shi ne ya bayyana wa wanda gidansa ya ƙone dalilin da ya sa ba gobara ba ce. A ganina a nan ya fara koyon ƙirƙirar labari.

Baba malamin motsa jiki ne a makarantar sakandare har ya yi ritaya, ranar hutu kuma alƙalin wasan ƙwallo. Mutum ne da ba a taɓa ganinsa da riga a yamutse ba. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, ya ɗauke masa hagu gaba ɗaya. Magana ta dawo daga baya, da nauyi, tana fitowa ɗaya bayan ɗaya, amma dafinta bai ragu ba. Usur ɗinsa na alƙalanci yana nan rataye a wuyansa. Gajeriyar busa, yana son ruwa ko a juya shi. Doguwar busa kuwa, wani ya yi laifi.

Wankan safe yana da dokoki, kuma Baba ne ya kafa su. A rufe taga. A ƙure rediyo yadda maƙwabta ba za su ji komai ba. Mai wankan kuma kada ya kalli fuskarsa. Auta ne ke yi, da asuba, kafin ya tafi kwaso yara. Ko ni ba na shiga sai an gama, an sa masa riga mai guga, an taje masa gemu, an zaunar da shi a kujera. Masu dubiya sukan tarar da shi zaune kamar yanzu zai busa a take ƙwallo. Babu wanda ya san yana sa famfas ɗin manya. Ni na sani, don ni ke wanke zannuwan gadonsa, amma ban taɓa nuna masa na sani ba. Abin da ya rage wa Baba ke nan a duniya: mutane su zo su tafi ba su san abin da ke faruwa a bayan tagar nan ba. Shi muke gadi, ni da Auta.

Na tsakiyarmu bai taɓa ƙetare ƙofar ba a lokacin wanka. Yakan tsaya a baranda da kofin shayi ya ce, "Wallahi Yaya, zuciyata ba za ta ɗauka ba." Auta ya ce masa ba zuciya ake ɗauka da ita ba, da baya ake ɗauka.

Ana nan sai ya dawo wata rana ya ce ya shiga kwas. Jami'a ta buɗe wani gajeren karatu na wata shida domin masu digiri, ranar Asabar kawai, a kan adabin Turanci da rubutun ƙirƙira. Ba digiri na biyu ba ne, satifiket ne, amma yadda ya sanar da mu sai ka ce an naɗa shi shugaban jami'ar. Tun daga ranar ba ya buɗe baki bai ce "a kwas ɗinmu" ba. Auta ya raɗa masa Malam Kwas, sunan kuma ya bi shi har wurin mai kanti.

Ya sayi tabarau wanda ba na magani ba. Ya sayi wani dogon ƙyalle yana naɗawa a wuya, ana zafi ana gumi. Ya riƙa zagaya tsakar gida yana karanta waƙoƙin waɗansu Turawa da suka mutu tun kafin a haifi kakanmu, duk a kan furanni da ƙanƙara da matan da suka ƙi su. Kome ya gani sai ya ce alama ce. Famfon tsakar gida yana ɗiga, ya tsaya ya zuba masa ido.

"Auta, ka ga wannan ɗigon? Alama ce. Rayuwa ce ke tsiyayewa."

"Alamar ka sayo roba ce, Malam Kwas. Tun watan jiya nake faɗa maka."

"Kai ba ka da zurfi."

"Bokitin da na tara yana da shi."

A wurin cin abinci muka haddace kwas ɗin nan kyauta. Muka san Malama, mai koyar da su, wadda ta yi karatu a ƙasar waje, take shan shayi babu sukari. Muka san wata lauya mai babbar murya da ke zama a gaba, da wani likitan haƙori da duk labarinsa sai an kashe wani da guba. Muka san cewa ba a ce mutum yana baƙin ciki, sai dai a nuna yana murza hularsa. Muka kuma san babbar dokar ajin, wadda ya fi kome alfahari da ita: idan aka zo kan labarinka, wani ne zai karanta shi da ƙarfi, kai kuma ka zauna a kujera a gaban aji, a yi ta fashin baƙi a kanka, ba ka da ikon cewa uffan.

"Ko an yi maka ƙarya?" in ji Auta.

"Ko an zage ka. Malama ta ce marubuci ba ya bin labarinsa gida-gida yana kare shi."

"Yaya, ki roƙa mana Malamar nan ta ara mana dokar. Ko na ranar Lahadi ne."

Labarinsa na farko a kan wata baiwar Allah ne a wani gari mai dusar ƙanƙara, tana tsaye a tashar jirgi tana jiran soja. Shi da ko firjin gidanmu ba ya buɗewa don kada sanyi ya kama shi. Malama ta ce ya rubuta abin da ya sani. Sai ya duba hagu ya duba dama, ya ga babu abin da ya sani sai inshora da mu. Ya rubuta labarin wani tsoho marar lafiya. Wannan ma bai tsira ba. Ya dawo ranar a fusace, ya jefar da ƙyallen wuyansa a kan kujera.

"Wai an ce labarina daga bakin ƙofa aka rubuta shi. Wai babu nauyi, babu wari, wai mai ba da labarin bai taɓa taɓa tsohon ba."

Ban san wane tsoho yake nufi ba a lokacin. Na dai ce masa mutanen ajin nan suna da ido.

Ba a daɗe ba sai ga shi ya sauko da asuba, ya naɗe hannun riga, ya tarar da Auta yana sirka ruwa.

"Kawo bokitin. Daga yau ni zan riƙa yi."

Auta ya dube shi sama da ƙasa. "Lafiya? Ko wannan ma alama ce?"

"Ubana ne kamar yadda yake ubanka. Ka je ka huta."

Auta ya koya masa komai. Yadda ake sa hannu a ƙarƙashin kafaɗar da ta mutu, yadda ake juya shi ba a ja fatarsa ba, inda ake shafa mai don kada gyambo ya fito, da abin da ake yi idan Baba ya ɓata jikinsa ana tsakiyar wanka: ba a cewa komai, ba a sauri, sai a ƙara muryar rediyo. Da yamma Auta ya biyo ta shagona, ya zauna a kan buhun ƙyallaye, ƙato da shi, idonsa ya cika.

"Yaya, yau na yi barci har gari ya waye. Ashe mutumin nan yana da zuciya. Na yi ta zaginsa a banza."

Baba ma ya sake. Ya ce mini, da maganarsa mai nauyi, "Hannunsa kamar na mai gyaran taya. Amma ya zo." Wannan a bakin Baba yabo ne babba. Tun muna yara ban ji ya faɗi abin da ya kai haka a kan ɗan nan ba.

Ni kaɗai ce hankalina bai kwanta ba, don tambayoyinsa sun yi yawa. Wata rana ina shanya zannuwa ya zo ya tsaya a kaina.

"Yaya, idan aka ce ki kwatanta warin ɗakin Baba, da me za ki kwatanta shi?"

"Da warin mahaifinka. Me ya kawo wannan tambaya?"

"Babu komai. Tunani nake."

"To ka yi tunanin da hannu. Kama bakin zanen nan."

Abin da ke faruwa a ajin, daga baya na ji shi daga bakin lauyar nan. Labarin tsoho ya koma sabo. Yanzu akwai nauyi, akwai wari, akwai komai. Likitan haƙori ya share hawaye. Malama ta cire tabarau ta tambaye shi ko mutumin da ke cikin labarin na gaske ne, in kuwa na gaske ne, ko ya san an rubuta shi. Ƙanena ya sunkuyar da kai, ya murza hularsa kamar yadda aka koya masa, ya ce mahaifinsa ne, kuma ya rasu bara. Aka yi masa ta'aziyya. Har lauyar ta kawo masa kek a mako na gaba.

Ƙanena ya yi abin da yake ganin ya isa don ɓoye ko wane ne tsohon. Ya canza suna. Ya mayar da alƙalin wasa tsohon shugaban makaranta, ya mayar da usur ƙararrawa, ya ɗauke ciwon daga hagu ya kai shi dama. A lissafinsa, da zarar ka yi haka labari ya zama ƙirƙira, babu mai binka da komai. Haka suke koya wa juna a irin wuraren nan. Kamar ka saci akuyar maƙwabci ka shafa mata shuni, ka ɗaure ta a ƙofar gidanka.

Da ƙarshen kwas ya matso, aka zaɓi labarinsa a matsayin wanda za a karanta a bikin ba da takardu. Mutum mai hankali da sai ya janye shi. Shi kuwa ya zo ya sanar da mu a gaban Baba, yana washe baki, don ba ya iya samun yabo ya haɗiye shi shi kaɗai.

Baba ya ɗaga kai. "Zan je."

Fuskar Malam Kwas ta sauya. "Baba, ai a hawa na biyu ne. Lif ɗinsu ta hawa bene kuma ba ta aiki."

"Zan goya shi," in ji Auta.

"Da Turanci za a yi komai. Za ka gaji."

"Da wane yare na koyar da ɗalibai shekara da shekaru? Da yaren kurame?"

"Akwai sanyin na'ura, Baba, kuma likita ya ce..."

Baba ya sa usur a baki ya yi doguwar busa. Magana ta ƙare. Tun da ciwon ya same shi bai fita ko'ina ba sai asibiti. Ya sa na goge masa farar rigarsa ta zuwa taro, ya sa aka kira wanzami. Ya ce mini, "Ɗana zai karɓi takarda. Bari a ga ubansa."

Ƙanena ya je ya sami lauyar, wadda ita za ta karanta, ya roƙe ta ta tsallake waɗansu wurare. Ta ce a'a, wuraren nan su ne ran labarin, kuma kada ya ji kunyar baƙin cikinsa. Ko a nan yana da damar ya faɗi gaskiya. Sai ya zaɓi ya dogara ga cewa Baba yakan yi gyangyaɗi da rana.

Ɗakin taron ƙarami ne, kujerun roba, da tebur mai farin ƙyalle da kwalaben ruwa. Auta ya hau matakala da Baba a bayansa, ni ina biye da keken guragu a naɗe, Malam Kwas kuma ya riga mu hawa da ƙyallensa a wuya. Muka zaunar da Baba, na gyara masa wuyan riga. Malama ta taho tana murmushi, siririyar mace mai furfura a goshi.

"Waɗannan ne 'yan gida? Sannunku da zuwa. Wannan dattijon fa?"

Ƙanena ya matsa kusa da ita. Ya rage murya, amma bai rage ta isa ba. "Kawuna ne."

Na ga kunnen Baba ya motsa. Mutumin da ya saba jin zagi daga ƙarshen fili ana tsakiyar ihu, ba a yi masa raɗa. Auta ya dube ni, na dube shi.

Kafin mu gama wannan kallon sai ga wani mai ƙiba, mijin ɗaya daga cikin ɗaliban, ya taho da hannu biyu ya durƙusa. "Malam! Kai ne? Ka tuna ni? Ni ne wanda ka sa na yi ta zagaya fili har na yi amai!"

"Da alama ka daina zagayawa," in ji Baba.

Mutumin ya yi dariya har da tari, ya ja kujera ya zauna a gabanmu, yana gaya wa na kusa da shi wane ne Baba.

Aka yi jawabai. Aka ce adabi madubi ne, aka ce adabi fitila ne, wani ma ya ce gada ne. Sannan aka ajiye kujera ɗaya a gaba, Malam Kwas ya hau ya zauna ya harɗe ƙafa. Malama ta bayyana wa baƙi dokar aji: wani zai karanta, kowa yana iya tsokaci, marubuci ba ya magana. Lauyar ta miƙe, ta gyara murya kamar tana gaban alƙali.

Turancina na rediyo ne da littattafan 'ya'yana, amma ya ishe ni. Tun layin farko na gane ɗakin Baba ne. Ga taga ana rufewa. Ga rediyo ana ƙurewa. Ga famfas, da yadda ake naɗe shi a ɓoye a ƙasan kwandon shara. Ga fatar cinya da ta saki, ga ranar da tsohon ya ɓata jikinsa a cikin ruwan wanka ya yi kuka yana kiran sunan matarsa da ta rasu. Wannan ko ni ban sani ba. Lauyar ba karatu kawai take yi ba, wasa take yi, tana karkace baki tana jan magana irin ta mai shanyewar jiki. Da ta zo inda tsohon yake cewa kada a kalli fuskarsa, sai ta dakata, ta bar maganar ta zauna a ɗakin.

Mai ƙibar nan ya waiwayo a hankali. Ya dubi keken, ya dubi hannun da ya mutu a kan cinya, ya dubi usur. Ya juya da sauri. Matarsa ta waiwayo. Na kusa da ita ma ya waiwayo. Ƙararrawa da usur ba su da nisa, hagu da dama kuma ba su ruɗa kowa ba.

Baba bai yi gyangyaɗi ba. Yana zaune a miƙe, idonsa a kan ɗansa.

A cikin labarin babu Auta. Tsohon ɗa ɗaya gare shi tilo, mai haƙuri, mai zurfin tunani, wanda ya bar komai don ya yi jinyar uban da bai taɓa fahimtarsa ba. Na ji numfashin Auta yana fita ta hanci kamar na bijimin sa. A ƙarshe tsohon ya mutu da asuba a hannun ɗan nan, bayan ya ce, "Ka yafe mini, ɗana, ban san darajarka ba." Ƙararrawa ta faɗi ƙasa. Alama ce.

Rabin ɗakin, waɗanda ke gaba ba su waiwayo ba, suka tafa sosai. Likitan haƙori ya fyace hanci. Malama ta ce, "Akwai mai tsokaci?"

Baba ya busa usur. Doguwar busa, irin wadda ke tsayar da mutum ashirin da biyu a wuri ɗaya. Wata mata ta zubar da ruwanta.

"Ina da shi," in ji Baba. Maganar tana fitowa ɗaya bayan ɗaya, amma babu wanda bai ji ba. "Ni ne mamacin."

Malama ta dafe tebur. Lauyar ta buɗe baki ta dubi ƙanena. "Ba kawunka ba ne?"

"Da safe ubansa ne ni," in ji Baba. "Da rana na zama kawu. Bara kuma ashe na mutu. Ba a gaya mini ba."

Malam Kwas ya miƙe. "Baba, ƙirƙira ce, ai na canza..."

Usur ya sake tashi. "Malama, ba kin ce wannan ba ya magana ba?"

Malama ta dubi ƙanena, ta dubi Baba. Muryarta ta yi sanyi. "Haka dokar take. Zauna."

Ya zauna.

"Gyara biyu gare ni," in ji Baba. "Ban taɓa neman gafarar yaron nan ba, kuma ba ni da niyya. Sannan akwai wani ɗa da aka manta. Ga shi nan. Shi ya goyo ni ya hau da ni nan, wancan ya hau da ƙyalle." Ya huta, ya goge gefen bakinsa da hannunsa mai rai. "Sauran duk gaskiya ne. Ya iya kallo. Ku ma ku kalla, tunda an gayyace ku. Ga fuskar."

Babu wanda ya kalla. Kowa ya sami abin dubawa a takalminsa. Mai ƙibar nan yana kuka a fili kamar yaro.

"Auta, ɗauke ni."

A bakin matakala Malama ta cim mini. Ta ce ba ta sani ba, ta ce za a cire labarin daga ɗan littafin da za su buga. Na ce mata ta kyauta, amma kunnuwan da suka ji fa, wa zai cire daga cikinsu? Ta ce takardar kuwa ba ta da ikon hana shi, ya cika duk sharuɗɗa. Na ce ta ba shi abarsa, ya yi mata aiki.

Muka shiga mota. Hannun Baba mai rai yana kan gwiwarsa, na ɗora nawa a kai, bai ture ba. Tun ina yarinya ban taɓa riƙe hannunsa haka ba.

Malam Kwas ya dawo gab da magariba, da takardarsa a cikin ambulan, ƙyallen wuyan a aljihu. Ya tarar da kujera ɗaya a tsakiyar falo. Auta ne ya ajiye ta.

"Zauna, marubuci. Mun ari dokar."

"Auta, ka bari in yi bayani. Duk manyan marubuta..."

"Yaya, kin ji wani abu? Ni dai na san kujera ba ta magana."

Na faɗi nawa, ban rage komai ba. Na ce masa da ya shiga ɗakin nan don Allah ya fito ya yi shiru, da ya fi duk Turawan da ke cikin jakarsa daraja. Auta bai yi doguwar magana ba. Ya ce, "Ni na nuna maka inda ake sa hannu. Na je shagon Yaya na yi kuka don murna. Ka sa wannan ma a labari, zai yi daɗi." Daga nan ya ce shi a ganinsa a hana Malam Kwas shiga ɗakin Baba har abada, ya koma samansa ya ci gaba da kallon famfo.

Baba ya girgiza kai. "Jan kati hutu ne. Wanda aka kora yana zuwa ya yi wanka ya sha lemo, saura suna gudu. Ba zan kore shi ba."

Ƙanena ya ɗago kai da ɗan haske a fuska. Ya ɗauka an yafe.

"Gobe da asuba ka sauko da bokiti," in ji Baba. "Da jibi. Har in mutu da gaske, kuma ba na sauri. Auta ya gama nasa." Ya nuna rediyo da haɓa. "Wannan a kashe shi. Taga a buɗe, me ya rage a ɓoye? Kai kuma ba ka magana. Kuma ka kalli fuskata. Tun daga farko har ƙarshe. Kana son kallo."

"Baba, don Allah..."

Usur.

Takardar tana ɗakin Baba, a kan ƙusar da ake rataye tawul, tururi ya fara cin hatimin. Auta yana barci har gari ya waye, kuma ba ya amsa gaisuwar ɗan'uwansa. Masu dubiya sun ragu, waɗanda ke zuwa kuma suna magana da Baba a hankali kamar mai shirin tafiya, abin da ya fi tsana a duniya. Wannan ba ya gyaruwa.

Ƙanena kuwa kowace asuba yana wanke mahaifinsa, rediyo a kashe, bakinsa a rufe, idonsa a cikin idon Baba. In ya kawar da kai, usur ya tashi, a sake daga farko. Bai ƙara rubuta ko layi ɗaya ba.